Kwana Bakwai a Layin Baba Sikeli

Ranar Litinin da sassafe, tun ruwan shayi bai tafasa ba, matar Baba Sikeli ta danna waya ta tura rubutunta na farko a dandali. Wata biyu ta yi tana fama da shi. Ta fara rubuta shi a bayan takardun da take zana samfurin saƙa, ta goge, ta sake, sannan ta kwashe shi zuwa waya da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, tabarau a kan karan hanci. Da ta ga ya hau, sai ta kawo wa mijinta shayi, ta tsaya a bakin teburinsa tana goge hannun da babu abin da ya taɓa shi, ta ce masa yau ita ma ta shiga sahun marubuta.

Baba Sikeli bai ce ta kyauta ba, bai ce ba ta kyauta ba. Ya jawo littafin layi, wani dogon littafi mai baƙin bango, ya rubuta sunan da ta zaɓa wa kanta a dandali, Mai Saƙa, a lamba ta ashirin da uku. Ya ce mata ranar Laraba layi zai zo kanta. Ta tambaye shi ko zai karanta. Ya ce ai ta san ƙa'idarsa, ba ya buɗe rubutun kowa sai ranar da layinsa ya zo, don kada zuciya ta riga ido yanke hukunci. Ta ce to, Allah ya kai mu Laraba, ta koma wurin zarenta.

Dandalin nan na masu rubutu ne a intanet, inda ake biyan mutum da kuɗin kirifto, wanda su a bakinsu suke kira sulalla. Ka yi rubutu, masu karatu su jefa maka ƙuri'a, kowace ƙuri'a da nauyinta gwargwadon sulallan da mai ita ya tara. Kwana bakwai rubutu yake yi a buɗe. In suka cika, na'ura ta rufe shi ta biya abin da ya samu, daga nan ko duniya ce ta taru a kansa, bakin alƙalami ya bushe. Ƙuri'ar talaka a wurin ba ta sayen ko ashana. Shi ya sa mutum arba'in da 'yan kai na garin suka haɗa sulallansu a asusu guda, suka yi ƙuri'ar ƙungiya mai nauyi. Rubutun da ta sauka a kansa yakan samu ɗan kuɗin data, amma abin da ya fi wannan, yakan hau shafin gaba, inda baƙi daga ko'ina suke gani su karanta. Wanda ba ta sauka a kansa ba kuwa nutsewa yake yi cikin dubban rubuce-rubuce, ko mai shi sai ya yi da gaske yake gano inda ya faɗa. Sai dai ƙuri'ar nan kamar rijiya take, in an ɗiba sai an jira ta taru. Sau goma kacal take jefuwa da ƙarfinta a yini, kuma makullinta yana hannun Baba Sikeli.

Ba a banza aka ba shi ba. Shekara ashirin da bakwai ya yi a gidan waya, a kantar awon kaya, a kan kujera guda, ƙarƙashin fanka guda da take juyi kamar an tilasta mata. A can ya samo sunan. Mutum ne da in kunshinka ya ɗara da nauyin goro ɗaya, sai ka biya ko ka kwance ka rage. In kuma ka biya fiye da kima, zai aika a bi ka har bakin titi a mayar maka da canjinka. Akwai ranar da ya sa shugaban ofishin da kansa ya ƙara kan sarki a wasiƙar da zai aika wa surukinsa, yana tsaye a gaban ƙananan ma'aikata. An yi ta ba da labarin ana dariya, ana yaba shi, amma duk lokacin da aka zo ƙarin girma sai a tuna da wani. Waɗanda ya koya wa ɗaurin kwali da igiya suka zama shugabanninsa, suka yi ritaya da motoci. Shi ya fito da takardar yabo a cikin gilashi da ciwon baya.

Gaskiya abu ne mai kyau, kowa ya yarda, amma a tambayi wanda ya zauna da mai ita gida ɗaya. Da ya yi ritaya, sai ya juyo da aikin kan iyalinsa. Ya jera cokula bisa tsawonsu. Ya liƙa wa gwangwanin sukari takarda. Ya fara tambayar matarsa dalilin da ya sa sabulun wanki ya ƙare ranar Alhamis alhali na wancan makon ya kai Asabar. Ita kuwa mace ce mai haƙuri da saƙar rigunan sanyi na jarirai, wadda in ranta ya ɓaci sai dai ka ji ƙarar allurar saƙa ta ƙaru. 'Yarsu ta ƙarshe, Auta, ma'aikaciyar jinya ce, tana gidan mijinta a ɗaya gefen gari. Ita ta ga in ba a samo wa tsohon nan abin yi ba zai ƙarasa uwarta, sai ta buɗe masa shafi a dandali. Ya fara rubutu a kan abin da ya sani: yadda ake ɗaure kwali kada ya fashe a hanya, da wasiƙun da suke dawowa ba a sami masu su ba. Mutane suka so shi. Da aka kama mai riƙe da makulli na farko yana jefa wa kansa da budurwarsa ƙuri'a safe da yamma, ba a yi doguwar muhawara ba, kowa ya ce a ba Baba.

Shekara biyu yana riƙe da shi. Ƙarfe takwas daidai yake zama a teburinsa na falo, da rigar da aka goge, kamar mai jiran jama'a su shigo. Wanda ya riga turo rubutu shi ne gaba. Ya karanta, in ba sata ba ce kuma ba zagi, ya jefa ƙuri'a, ya ja layi a kan suna. Goma, ya rufe littafi. Nasa rubutun bai taɓa jefa masa ba ko sau ɗaya, kuma bai taɓa barin na wani ya kwana huɗu yana jira ba.

Da a makon da ya wuce Mai Saƙa ta turo nata, da ba a yi wannan labari ba. Amma a daidai wannan mako farashin sulalla ya tashi, kuma babu abin da yake tono halin mutane kamar a ce abin da suke rabawa ya yi daraja. Ranar Talata zauren hirarsu na waya ya kama da wuta. Wanda ya kunna ta shi ne Injiniya, mai gyaran waya a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene, wanda shi kaɗai ya zuba kashi ɗaya cikin uku na sulallan asusun, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba. Ya ce layi zalunci ne, yaya za a yi wanda ya kawo buhu da wanda ya kawo cikin cokali su ɗebi daidai. Malama, shugabar ƙungiyar, mai koyarwa a firamare, ta ce in dai za a canza to a bi kyawun rubutu, don ita kwana uku take yi tana gyara nata, wasu kuwa hoto ɗaya da layi biyu suke mannawa su kira shi aiki. Kowa ya san da wa take. Sababbin shiga suka ce su ba su yarda da kashin dankali ba, manya su danne ƙanana, a raba daidai ko a fasa. Kafin azahar saƙonni sun haura ɗari huɗu, babu wanda yake karanta na wani, kowa tasa ta fisshe shi.

Ana cikin haka idon Injiniya ya faɗa kan sabon suna. Ya rubuta: "Na ga mun yi baƙuwa daga gidan Baba. Madalla. Yanzu dai ƙuri'a ta samu masauki." Ya bi shi da 'yar fuskar nan mai dariya har da hawaye.

Mutum uku suka yi dariya, aka wuce zuwa wata rigimar. Baba Sikeli ne kaɗai bai wuce ba. Ya karanta saƙon ya fi sau goma, kunnuwansa suna zafi. An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, to shi babu ko gashin kaza a aljihunsa, amma as ɗin ta shige shi har ƙashi. Shekara sittin da biyar a duniya ba a taɓa nuna shi da yatsa ba, sai yau wani yaro mai warin dalma zai yi masa habaici a gaban jama'a.

Ranar Laraba ya yi ashirin da ɗaya, ya yi ashirin da biyu. Da ya zo ashirin da uku sai alƙalaminsa ya tsaya. Ya ce a ransa bari ƙura ta lafa, kwana ɗaya ba ya kashe rubutu. Ya zana 'yar kibiya daga sunanta zuwa shafin Alhamis, ya tsallake. Da ya rufe littafi ya same ta a ɗaki tana warware zare a bayan kujera, ya yi mata bayani mai tsawo a kan amana da bakin mutane. Ta saurara har ya gama, ta ce ba komai, ai kwana bakwai ne. Ya ji daɗin fahimtarta, bai lura ba cewa tun safe wayarta tana kan cinyarta, fuskarta a sama.

Alhamis aka kira taro a ajin Malama bayan an tashi yara. Manya-manyan mutane masu iyali suka cusa kansu a bencinan 'yan aji uku, gwiwoyi har ƙirji, suna jayayya a kan adalci ƙarƙashin hoton sassan jikin kifi. Awa uku aka yi. Aka kawo shawarar a raba ƙuri'a gida uku, aka rushe. Aka ce a yi canki-canki, wani ya ce caca ce. Aka ce a ba kowa rabin ƙuri'a don ta isa mutum ashirin, Injiniya ya ce shi ba ya cin rabi. Daga ƙarshe aka kafa kwamiti, wanda shi ne yadda mutane suke binne magana ba tare da sun yi mata wanka ba. Abu ɗaya tak aka zartar: kullum Baba ya ɗauki hoton shafin littafinsa ya tura zaure, kowa ya gani. Shi da kansa ya kawo shawarar, yana kallon Injiniya ido cikin ido. Sai da ya fito ya tuna cewa ke nan duk ranar da ya ja layi a kan sunan matarsa, mutum arba'in za su gani a hoto.

A bakin ƙofa Malama ta tsayar da shi, tana kaɗe alli daga mayafinta.

"Baba, ka karanta na Mama kuwa?"

"Layi bai zo kansa ba."

"Layi ya zo tun jiya, kai ka ɗaga shi. Ni na karanta. Ka je ka karanta, Baba, ka ba ta haƙƙinta."

Ya ce gobe in Allah ya yarda. Ya tafi gida yana jin haushin Malama, don babu abin da ya fi ciwo kamar a gaya wa mai ƙa'ida cewa ya karya ƙa'ida.

Goben ta zo da nata. Saboda farashi ya hau, wanda yake rubutu sau ɗaya a mako ya koma kullum, layi ya yi tsawo har shafi biyu. Injiniya kuma ya aiko masa da saƙo shi kaɗai, cikin ladabi irin na mai riƙe da wuƙa, cewa in aka ci gaba da jinkirta masa rubutu zai janye sulallansa ya kai wata ƙungiya. Baba Sikeli ya san abin da hakan yake nufi. Ƙuri'a za ta rame, ɗalibai da zawarawa da masu ƙananan sana'a da suke sayen data da ita su ne za su ji a jikinsu. Ya zauna ya buɗe rubuce-rubucen Injiniya guda uku da suke layin ranar. Na farko hoton sukudireba ne, an rubuta a ƙasa cewa kayan aiki shi ne aiki. Na biyu hoton sukudireban ne daga wani gefen. Ya jefa musu ƙuri'a yana cije leɓe, don ba sata ba ce kuma ba zagi, ƙa'ida ba ta hana ba. Da ya zo kan kibiyar matarsa, ya ga in ya yi mata yau za a ce ya yi ne don ya rama. Ya ƙara wa kibiyar tsawo.

Wannan shi ne abin da yake ba da haushi game da Baba Sikeli. Da mugu ne, da an zage shi an huta. Amma kowace kibiya da ya zana yana da hujjarta, kuma kowace hujja in ka ɗauke ta ita kaɗai ba za ka iya kayar da ita ba. Sai ka haɗa su ka ga mutum ya yi kwana uku yana cutar matarsa da kyakkyawar niyya. Shi kansa ba daɗi yake ji ba. Abinci ya daina yi masa ɗanɗano. Yakan ga ta ɗaga waya ta duba ta ajiye, ta sake ɗagawa kafin ta gama layi ɗaya na saƙa. A ƙasan rubutun akwai 'yar lamba mai nuna waɗanda suka buɗe shi. Huɗu ce tun Talata: ita kanta, Auta, Malama, da wani baƙo da ya bar tallan maganin ƙiba.

Asabar Auta ta zo da ledar lemu da faɗa a bakinta. Ba ta ko zauna ba ta fara. Ta ce duk garin nan babu wanda bai sha inuwar Baba ba sai na gindinsa, inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Ya ce ta iya bakinta, da ubanta take magana. Ta rage murya amma ba ta rage magana ba.

"Baba, ba alfarma Mama take nema ba. Layinta ne tun Laraba. Da matar wani ce ka ɗaga mata layi sau uku, da ka iya barci?"

"Ba za ki gane ba. In na jefa mata a cikin rigimar nan, duk wanda na taɓa hanawa zai ce dama can haka nake."

"To su faɗa mana. Su suka zauna da kai shekara arba'in?"

Uwar ce ta raba su. Ta leƙo daga kicin ta ce wa Auta ta bar mahaifinta, ya san aikinsa, bai taɓa barin na kowa ya faɗi ba. Ta faɗe shi ne a natse, ba habaici ba gori, kuma wannan ya fi duk faɗan Auta nauyi a ƙirjinsa. Duk da haka, ƙuri'un ranar goma sun riga sun tafi.

Lahadi ya yanke shawara, amma irin tasa. Ya ga bai kamata ya yi abin kamar a ɓoye ba, sai ya ba da sanarwa tukuna. Ya rubuta a zaure, da lambobi da sakin layi, cewa rubutun Mai Saƙa ya cancanci ƙuri'a tun Laraba, an jinkirta shi don kauce wa zargi, gobe Litinin rana ta bakwai shi ne farko a layi, duk mai ƙorafi yana da yini guda ya faɗa. Ya ajiye wayar ya jira a far masa. Babu wanda ya ce uffan. A lokacin rigima ta koma kan wanda zai shugabanci kwamiti, sanarwarsa ta nutse cikin minti biyu. Injiniyan ma da ya tayar da maganar ya manta ya taɓa yin ta. Kwana biyar Baba Sikeli ya yi yana kare kansa daga mutanen da ko kallonsa ba sa yi. Ya gaya wa matarsa gobe ne, ta ce Allah ya kai mu.

Litinin ya yi wanka, ya goge rigarsa da kansa, ya zauna ƙarfe takwas daidai. A lissafinsa na tsohon ma'aikacin gidan waya, rana ta bakwai rana ce cikakkiya, tana nan har a tashi daga aiki ƙarfe huɗu. Ya gyara tabarau ya buɗe rubutun, don ƙa'ida ita ce a karanta kafin a jefa.

A kansa ta yi rubutun. Ta ba da labarin shekarun da take kai masa abincin rana a kula, don cikinsa ba ya karɓar na kasuwa. Ta ce ranar farko ta zagaya ta gefen kantar awo za ta miƙa masa, sai ya nuna mata bayan layi da alƙalami, bai ko ɗaga kai ba. Ta bi layi, amarya da kula a hannu, a bayan masu kwalaye da buhuna. Ta ce ta yi kuka a hanyar gida ranar, ta rantse ba za ta sake zuwa ba, washegari ta dawo. Haka ta yi ta bi, da ciki, da goyo, har masu aika kaya suka san ta, suna cewa a matsa wa matar Sikeli, ita kuma tana ƙi don ta san zai mayar da ita baya. Ta rubuta abin da ban dariya, har ya ji kansa yana murmushi. Ta tuna da wata tsohuwa da take aika wa ɗanta barkono duk wata, da wani mai agogo da yake kawo kunshi ɗaya ya kwance ya ɗaure sau uku. Abubuwan da shi ya manta, ita da take tsaye tana kallo ta riƙe su duka. A ƙarshe ta rubuta cewa mata suna tambayarta yadda ta jure, ita kuwa ba ta ga abin jurewa ba. Ta ce a wajen wasu mazan sai ka yi sa'a, amma a layin mijinta, komai tsawonsa, in dai ka tsaya to za a zo kanka.

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Shekara arba'in yana zaune da marubuciya bai sani ba, kuma duk abin da ya karanta a dandalin nan cikin shekara biyu babu wanda ya kama ƙafar wannan. Ya gangara ƙasa da sauri zai jefa ƙuri'a, sai ya ga ɗan rubutu mai ruwan toka a inda adadin lada yake zama. An rufe, an biya. Ƙarfe shida da rabi.

Na'ura ba ta san tashi daga aiki ba. Awa take ƙirgawa, daga mintin da aka tura rubutu zuwa mintin a rana ta bakwai. Da yake bai taɓa barin na kowa ya kai ko kusa da bakin ramin ba, bai taɓa sanin inda bakin yake ba. Awa ɗaya da rabi ke nan da rufewa, lokacin yana tsaye yana goge wuyan riga. Abin da rubutun ya samu ko ƙwallon zare ɗaya ba zai saya ba, kuma ba zai taɓa hawa shafin gaba ba.

Ya san ihu ne bayan hari. Ya san ba za ta ƙara komai ba. Duk da haka yatsansa ya danna. Wayar ta karɓi ƙuri'ar, ƙarfin asusun ƙungiya ya ragu da ɗaya cikin goma na ranar, lambar da take ƙasan rubutun ba ta ko motsa ba.

A dandalin nan babu abin da yake ɓuya. Kafin minti biyar Injiniya ya ɗauki hoton abin ya watsa a zaure, ya zagaye shi da jan layi. Ya ce jama'a su zo su gani, mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, an zubar da ƙuri'ar mutum arba'in a kan rubutun da ya mutu don kawai na gida ne. Waɗanda ba su ga sanarwar jiya ba duk suka ga wannan. Wayar ta shiga kaɗawa a kan tebur ba ƙaƙƙautawa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, ga zargin ya same shi cikakke, ga matarsa ba ta samu komai ba.

Ya bar wayar ya shiga ɗaki. Tana bakin taga inda haske ya fi, tana haɗa hannun wata 'yar riga ruwan ɗorawa. Ya tsaya a ƙofa kamar baƙo.

"Maman Auta, na karanta."

"Ya yi?"

"Ya yi. Ya fi nawa duka. Amma ya rufe. Tun shida da rabi."

"Na sani. Ina zaune a nan na ga ya rufe."

"Kina kallo? Me ya sa ba ki kira ni ba? Ina nan falo, taku biyar."

"Ba ka buɗe kantar aiki ba tukuna, Malam."

Ya zauna a bakin gado, ya ce zai tura mata sulalla daga nasa asusun, ninki goma na abin da za ta samu. Ta ce ta gode, ya bar abinsa, ita so ta yi a karanta. Ya ce to ta sake rubuta wani, wannan karon ko sama za ta faɗo ranar da layinta ya zo ranar zai jefa. Ta ƙirga idon saƙarta a hankali har ƙarshen layi kafin ta amsa.

"Wannan ɗin kaɗai nake da shi."

A falo wayar tana ta kaɗawa, kuma akwai sauran ƙuri'a tara da mutane suke jira. Ya tashi ya koma teburinsa. Na gaba a layi Injiniya ne, hoton batirin waya da ya kumbura.